Motar da Ta Ƙi Karɓar Totur: Lacca ga Kanikawa da Direbobin Masanawa



Mai girma dagaci, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu da limamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin direbobi da suka taso daga Kabo da Gwarzo, iyayen gidanmu kanikawa, 'yan rewaya, da ku yaran gareji da kuka tsaya a can baya, waɗanda rabin maganar nan taku ce, ina yi muku barka da zuwa. Na san kowa ya baro lodi ko ya baro mota a buɗe, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Duk wanda ke bin hanyar Kano zuwa Gwarzo ya san wannan larura, ko a motarsa ko a ta abokin aikinsa. Direba ya baro Kabuga lafiya, ya wuce Rimin Gado, sai fitila ta kama a dashbod. Ya taka totur har ƙasa, inji ya ƙi ɗagawa, mota tana jan jiki da ƙyar. Ya sauka gefen titi ya kashe ya sake tayarwa, ta saki, bayan 'yar tafiya ta sake kamawa. Wani kuma sulo ne ke hawa yana sauka shi kaɗai. Wata motar da an ɗaga ƙafa a kwana sai ta mutu. Idan aka kai ta gareji, hukuncin da aka fi yankewa guda biyu ne: ko a ce bakin injekta, inda ƙofar iska take, ya mutu, ko a ce burenbos ne, wato kwamfutar mota. Sai mai mota ya nufi Ƙofar Ruwa da kuɗin da ya tara na taki ko na makarantar yara. Abin da na zo in faɗa muku yau shi ne, a iya abin da idona ya gani a wannan sana'a, mafi yawan kayan da ake cirewa a irin wannan hali lafiyarsu ƙalau. Ba a auna su ba ne kafin a yanke musu hukunci.

Iyayenmu da ke nan sun koyi aiki a kan Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da J5, da tsohuwar Golf. A waɗannan motoci waya ce ta ƙarfe ta taso daga ƙafar direba zuwa ƙofar iska. Ka taka ta ja, ka ɗaga sifirin ya mayar. In ta tsinke kana gani da idonka. A 1988 kamfanin BMW na Jamus ya fito da babbar motarsa da babu wannan wayar, lantarki ne ke kai saƙo. An ɗauki shekaru abin yana manyan motocin masu hali, sannan ya sauko. Toyota ta sa shi a Camry daga 2002, ta sa a Corolla ta Amurka daga 2005. Honda Accord mai silinda shida ta samu a 2003, mai silinda huɗu a 2006. Peugeot 307 da Golf 4 na baya-baya da Sharon na wannan zamani duk haka suke. To waɗannan su ne motocin da suka shigo mana ta Kwatano da Legas, su ne yanzu ke tashoshinmu da ƙofar gidajenmu. Kamfanoni ba su yi haka don su wahalar da bakanike ba. Sun yi ne don rage shan mai da hayaƙi, da kuma don kwamfutar mota ta iya rage ƙarfin inji da kanta idan taya ta fara santsi. Wayar ƙarfe ba za ta dawo ba. Garejin da bai koyi wannan ba zai wayi gari babu motar da zai iya taɓawa.

Bari in faɗi yadda abin yake aiki, domin wanda ya gane wannan ya gama rabin gyara. A jikin totur da direba ke takawa akwai sensa guda biyu. Aikinsu su gaya wa burenbos nawa aka taka. Burenbos ya duba wannan, ya duba zafin inji, da gudun mota, da ko an taka birki, da ko an kunna esi, sannan ya tura wuta zuwa wani ɗan moto da ke jikin bakin injekta. Moton ya juya 'yan haƙora, galibi na roba, su kuma su juya faifan ƙarfen da ke buɗe wa iska hanya. A jikin wannan faifan ma akwai sensa biyu da ke dawo wa burenbos da labarin nawa ƙofar ta buɗu. Shi ya sa idan kuka zare soket ɗin bakin injekta za ku fi samun waya shida: biyu na moto, ɗaya mai kawo volt 5, ɗaya ta nagetif, biyu masu mayar da labari.

Me ya sa biyu-biyu? Ku ɗauki burenbos a matsayin alƙali wanda ba ya karɓar shaidar mutum ɗaya a kan maganar rai. Sai shaidu biyu sun zo, kuma bakinsu ya zo ɗaya. A motocin Volkswagen, idan ƙofa tana buɗewa wutar sensa ɗaya tana hawa, ta ɗayan tana sauka, in ka haɗa su ka samu kusan volt 5. A Toyota duka biyun hawa suke, amma na biyun yana farawa daga sama: na farko yana tsakanin volt 0.5 da 1.1 idan ƙofa tana rufe, na biyu yana sama da volt 2. A matakin totur na motoci da yawa, na biyu rabin na farko yake bayarwa. Da zarar shaidun nan sun saɓa, ko da na ƙiftawar ido ne, alƙali ya daina amincewa da su duka. Sai ya yanke wa moto wuta, sifirin ya ajiye faifan a buɗe kaɗan, daidai yadda inji zai rayu ka lallaɓa ka sauka daga titi. Wannan shi ne abin da direba ke ji ya ce mota ta ƙi karɓar totur. Da gangan aka ƙera ta haka. Motar da ba ta tabbatar da abin da ƙafarka ke nema ba, gara ta ƙi gudu da ta yi gudun da ba ka nema ba, da fasinja goma a ciki. Saboda haka duk dabarar da za a yi don a kashe fitilar ko a yaudari burenbos ba tare da an gano dalili ba, wasa ne da rayukan mutane, kuma ina roƙonku da Allah kada ku yi.

Yanzu mota ta iso gareji. Kafin ka ɗauki sifana, tambayi direba. Yaushe ta fara? Da safe take yi ko sai ta yi zafi? A kan kwalta ko sai an shiga burji da gargada? An wanke inji kwanan nan? An canza batir, ko an ara an tayar da wata motar da shi? An yi walda a jikinta? Amsar waɗannan tambayoyi sau da yawa ita ce ke nuna maka wurin. Motar da ke kamawa a gargada kawai, waya ce ko soket. Wadda ta fara washegarin wanki, ruwa ne.

Sai batir. Na san wasu za su ce mota tana tashi, me ya haɗa batir da totur? Da yawa. Batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6 idan mota tana kashe. Lokacin da ake tayarwa bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Idan inji na aiki, altaneta ta riƙe shi tsakanin 13.5 da 14.7. Burenbos yana gwada ƙofar iska a daidai lokacin da aka murɗa makulli, lokacin da wuta ta fi rauni, kuma batirin da ya gaji yana sa ya rubuta laifi a kan kayan da ba su yi komai ba. Ku duba kan batir, wanda a wurinmu ake yawan samunsa a sake, an cusa ƙusa ko guntun waya. Ku bi wayar nagetif har inda ta ɗaure a bodi da jikin inji. An taɓa kawo mini wata motar haya da aka riga aka canza mata bakin injekta da matakin totur, ana shirin sayen burenbos. Da muka sa mita tsakanin nagetif na batir da jikin inji, inji yana aiki, sai muka ga wuta tana ɓata a hanya. Notin wayar ne ya yi tsatsa. Aka kankare aka ɗaure, motar ta koma hanya. Kayan da mai ita ya saya kuwa ba a karɓi ko ɗaya ba a kasuwa, ya yi asararsu.

A nan zan yi kira na musamman. Al'adar zare kan batir inji yana aiki don a gwada altaneta, ko don a ɗauki batirin a tayar da wata mota, ta dace da zamanin 504. A motar yau batir ne ke shanye hawan wuta, in ka zare shi burenbos ne zai sha. Haka walda ba tare da an cire batir ba. Haka ɗaure fis da waya. A Toyota akwai fis mai amfiya 10 da aka rubuta wa ETCS, shi ke ba moton ƙofar iska wuta. In ya ƙone mota za ta ƙi totur gaba ɗaya, ta kawo lamba P2118. Na ga inda aka yi cinikin burenbos a kan wannan ɗan fis. In kun same shi a ƙone ku sa irinsa, kuma ku nemi abin da ya ƙona shi.

Bayan batir sai sikana. Tun 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD-II. Turai ta bi a motocin fetur daga 2001. Ma'ana kusan duk motar da muke magana a kanta tana da shi, kuma a yau akwai ƙananan na'urori da ake sokawa a wurin a karanta da wayar hannu. Lambobin da suka shafi maganarmu ba su da yawa. Daga P0120 zuwa P0123 maganar sensa na farko ne na ƙofar iska: P0122 wutarsa ta yi ƙasa, P0123 ta yi sama. P2135 shaidu biyu na ƙofa sun saɓa. P2138 shaidu biyu na matakin totur sun saɓa. P2111 ƙofa ta maƙale a buɗe, P2112 ta maƙale a rufe. P0507 sulo ya wuce ƙima.

Ku riƙe wannan da kyau, ya ku ƙannena masu riƙe sikana. Lamba ba ta ce a canza kaya ba. Lamba ta ce a wannan layin na ga abin da ban gane ba. Layin kuwa ya haɗa da sensa, da soket, da waya mai tsawon mita biyu da ta ratsa zafin inji, da burenbos kansa. P0122 tana iya zama sensa ya mutu, tana iya zama ɓera ya ci waya. Mu da ke ajiye mota kusa da rumbu da buhunan masara da dawa a lokacin kaka mun san aikin ɓera a cikin inji. Akwai ma abin da ya fi wannan ruɗarwa: wannan volt 5 ɗin ba na ƙofar iska kaɗai ba ne, a motoci da yawa wasu sensa suna sha daga layi ɗaya. Idan ɗaya daga cikinsu, misali na matsin iskar esi, ya haɗe da bodi, sai ya janye wutar kowa, lambobi su zubo birjik, ciki har da na totur. Mai gaggawa zai ce burenbos ya haukace. Mai haƙuri zai sa mita ya ga babu volt 5, ya riƙa zare soket ɗaya bayan ɗaya har wutar ta dawo, ya kama mai laifin. A Golf da Sharon kuma, fitilar EPC tana yawan kamawa saboda ɗan makunnin fitilar birki da ke saman matakin birki, abu mai araha. Ku sa yaro ya tsaya a baya ya duba ko fitilun birki suna kamawa kafin ku kwance komai.

Kuma kada a goge lamba kafin a rubuta ta. Mutum ya biya kuɗin sikana, an goge, fitila ta mutu, ya tafi yana murna, kafin ya kai Garo ta dawo. Wannan ba gyara ba ne, kuma kuɗin da aka karɓa a kansa akwai nauyi. Amfanin sikana na gaskiya yana wurin da take nuna wutar sensa a raye. Kunna makulli, kada ka tayar, taka totur a hankali ƙwarai daga sama har ƙasa kana kallon lambobin. Su hau sumul. Tsofaffin sensa suna da wani ɗan harshe da ke gogar layin gawayi, kuma wurin da ya fi cinyewa shi ne inda ƙafar direba ta fi zama a doguwar tafiya. A nan za ka ga lamba ta yi tsalle ko ta faɗi. Sababbi da maganaɗisu suke aiki, ba sa gogar komai, ba kasafai suke mutuwa ba, don haka a kansu ka fi zargin waya. Sannan ka bar ƙafa a wuri ɗaya, yaro ya riƙa girgiza soket da damin wayoyi. Inda ya taɓa lamba ta motsa, nan ne. Kada a huda waya da allura, ramin yana shan ruwa da damina ya zama sabuwar cuta. Kada a sa kwan gwaji a wayar sensa. Kada a jona wa moton wutar batir kai tsaye yana haɗe da burenbos.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damunmu a wannan yanki, wato ƙura. Inji yana buƙatar iska ninki 14.7 na nauyin fetur. Idan aka lissafa, kowace lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska kusan lita 9,000. Ku tuna hanyoyinmu na burji da rani, ku tuna hazon hunturu, ku tuna ranar kasuwa idan manyan motoci suka tayar da ƙasa. Duk wannan iskar ta filta ɗaya take bi. Mu kuwa filtar iska sai a kakkaɓe, a busa da iskar bakanizo har ta yage, a mayar. Wata motar ma murfin akwatin filtar a ɗaure yake da roba, ƙura tana shiga ta gefe. A can ciki ƙurar tana gamuwa da tururin baƙin mai da inji ke mayarwa ta tiyo, su haɗu su zama kunkunniya mai danƙo a daidai gefen faifan. A sulo ƙofar 'yar siririya ce take buɗewa, don haka ƙaramin datti ya isa ya toshe rabinta. Burenbos yana lura, yana ƙara buɗewa kaɗan-kaɗan wata da watanni, yana ajiye wannan a ƙwaƙwalwarsa, har ya kai iyakar da aka ba shi. Daga nan sulo ya fara rawa, mota ta fara mutuwa a kwana, ko faifan ya maƙale.

Wanki ne maganinsa, amma a wurin wankin ne ake kashe bakin injekta da yawa. A kashe mota, a zare makulli, a zare soket. Moton nan yana da ƙarfin da zai datse yatsa idan wani ya taɓa totur hannunka yana ciki. In da hali a kwance shi gaba ɗaya a ɗora a tebur. A fesa maganin wanki a kan tsumma mai tsabta a goge, kada a kwarara shi ta gindin sandar faifan, domin daga nan yake gangarawa cikin moto da sensa. Ba a tsoma shi a bokitin fetur. Ba a kankare shi da sukundireba ko sanfefa: tazarar da ke tsakanin faifai da bango ƙanƙanuwa ce ƙwarai, abin da ka kankare ba zai dawo ba, sulo kuma ba zai sake sauka ba. Faifan a tura shi a hankali, kada a sake shi ya buga, haƙoran roba ne a bayansa.

To an wanke, an mayar, an tayar, sai inji ya haura juyi 1,500 ko 2,000 a minti maimakon 600 zuwa 800 da aka sani. A nan hankalin mutane ke tashi. Babu abin da ya lalace. Burenbos yana buɗe ƙofa ne gwargwadon dattin da ya saba da shi, dattin kuma babu. Sai an sake koya masa. Kowane kamfani da hanyarsa. A Honda ana riƙe inji a juyi 3,000 har fanka ta tashi, sannan a bar shi a sulo minti 5, komai a kashe. A Volkswagen da sikana ake yi, makulli a kunne inji a kashe, za ka ji ƙofar tana motsi da kanta tana auna iyakarta. Nissan tana da nata tsari na taka totur da ƙidayar daƙiƙa, ko a yi da sikana. Toyota da yawa suna koya da kansu bayan an cire batir na ɗan lokaci an bar su a sulo an ɗan zaga. Abin da ba a yi shi ne a je a murɗa ɗan sukurun da kamfani ya sa wa fenti a jikin bakin injekta. Wanda ya murɗa shi ya canza inda sifili yake, shaidu su fara saɓawa, ƙaramar matsala ta zama babba. In an koya sulo bai sauka ba, a nemi inda iska ke satar hanya: tiyon da ya tsage, ko gasket ɗin da aka mayar a yage.

Akwai kuma wata al'ada tamu da ke hana wannan koyon kammaluwa. Mota tana shigowa daga Kwatano, abu na farko da ake yi shi ne a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. An ƙera injin ya yi aiki ruwansa yana kusan digiri 90, kuma burenbos ba ya karɓar sabon darasin sulo sai ya ga inji ya yi zafin da ya kamata. Motar da aka cire wa tamostat, musamman da sanyin hunturu, tana iya yini burenbos yana ɗaukar ta a matsayin wadda aka tayar yanzu: sulo a sama, mai yana zuba fiye da ƙima, kunkunniya tana ƙaruwa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 babu direban da bai san zafin lita ɗaya ba. Malam direba, idan ana neman inda manka ke tafiya, a fara da tambayar ko tamostat ɗinka yana nan. Motar da ke zafi, lagireto ne ya toshe, ko fanka, ko famfon ruwa, a gyara wannan.

Idan an bi duk wannan, wuta daidai, waya daidai, an wanke, amma sensa yana tsalle ko haƙora sun cinye ko moto ya mutu, to a canza, babu jayayya. A tafi kasuwa da tsohon a hannu, a gwada lambar da ke jikinsa da ta wanda za a saya, domin inji iri ɗaya yana iya zuwa da bakin injekta daban tsakanin na Amurka da na Turai. A yi sharaɗin mayarwa da mai kaya. Burenbos shi ne na ƙarshe da za a zarga, bayan an tabbatar wuta da nagetif suna isa gare shi.

Saura ɗaya gefen, wanda ya fi tsoratarwa: motar da ta ƙi sauka. A watan Agustan 2009, kusa da birnin San Diego a Amurka, wani jami'in 'yan sandan hanya da iyalansa uku sun rasu a cikin wata Lexus da ta riƙa gudu ta ƙi tsayawa. Bincike ya nuna shimfiɗar ƙafa ce ta wata motar daban aka sa, ta danne totur. Toyota ta janye miliyoyin motoci a ƙarshen 2009 da farkon 2010, saboda shimfiɗa da kuma matakin totur mai maƙalewa. Gwamnatin Amurka ta gayyato injiniyoyin hukumar sararin samaniya ta NASA, a Fabrairun 2011 suka ba da rahoto cewa ba su gano laifin lantarki da ya jawo irin wannan gudun ba. Duk da haka a 2013 wata kotu a jihar Oklahoma ta ɗora wa kamfanin alhaki a kan hatsarin wata Camry ta 2005, bayan masana sun soki yadda aka rubuta manhajar burenbos ɗin. A 2014 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 1.2 saboda ɓoye wa jama'a abin da ya sani game da shimfiɗa da matakin. Na kawo wannan ne don ku ga nauyin da masu ƙera motar suka ba wannan ɗan ƙarfen da muke wankewa a bokiti. Kuma ku duba motocinmu: kafet a kan kafet, wani ya ninka darduma ya shimfiɗa, robar ruwa tana birgima a ƙarƙashin ƙafar direba. A cire su yau.

Idan Allah ya ƙaddara totur ya maƙale maka kana tafe, taka birki da ƙarfi ka riƙe, kada ka riƙa takawa kana saki, domin iskar da ke taimaka wa birki tana ƙarewa idan ƙofar iska tana buɗe. Mayar da giya firi, ko ka taka kuloci. Inji zai yi ƙara, bar shi ya yi, burenbos ba zai bari ya wuce iyaka ba. Sauka gefe, ka tsaya, sannan ka kashe. In dole ta sa ka kashe kana tafiya, murɗa makulli mataki ɗaya kawai, kada ka zare, sitiyari zai kulle. Mai maɓallin tayarwa a Toyota ya danna ya riƙe daƙiƙa 3. Shugabannin tasha, ina roƙon ku maimaita wa kowane sabon direba wannan kafin ku ba shi layi.

Ranka ya daɗe, iyayena kanikawa, ga roƙona. Daga nan zuwa Kano a ja mota ko a ɗauko mai sikana kuɗi ne da ɓata yini guda, alhali kayan da ake buƙata don kashi mafi yawa na wannan aiki mita ce ta auna wuta da ƙaramar sikana. Garejin da ba zai iya saye shi kaɗai ba, ku haɗu uku ko huɗu ku yi adashi ku saya, a ajiye a hannun amintacce. A kowane gareji akwai yaron da ya yi sakandare, yana karanta Turanci, wayarsa tana shiga intanet. Ku ba shi dama ya koyi karanta zanen wayoyi, ku kuma ku ba shi kunnen da kuka yi shekaru kuna sauraron inji da shi, domin shi ma bai isa shi kaɗai ba. Hukumar NADDC ta tarayya tana horar da kanikawa a kan motocin zamani, kamfanin Peugeot na Kaduna yana da cibiyar koyarwa, ga kuma makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa mana a nan Kabo. Shugabanninmu su rubuta, su je da kansu, su nema wa yaranmu gurbi. Ku kuma direbobi da masu motoci, idan bakanike ya ce ku ba shi awa ɗaya ya auna kafin ya faɗi abin da za a saya, ku ba shi, kuma ku biya shi kuɗin awon ko da abin da ya gano noti ɗaya ne.

Na ga an shigo da mota biyu a bakin ƙofa. Bayan sallar la'asar za mu buɗe su, duk yaron da ke son ya riƙe mita da hannunsa ya matso gaba. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa albarka a sana'armu.